Ɗakin Kwano da Soron Kaka

Zuwa ga Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan Mabai lafiya lau.

Yaya, ban faɗa ma kowa ba, amma ɗakin kwanon da ka gina mana zafi gare shi. Baba ya ce bayan girbi za a rushe soron Kaka a yi irinsa. Ni kuwa na gwada, na ajiye man shanu a ɗakunan biyu. Kafin azahar na kwano ya narke, na soro ko gezau bai yi ba.

Don Allah ka rubuto ma Baba a bar soron, maganarka yake ji. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Yaya Binta. Tabarmata dai na mayar wajen Kaka.

Ƙanwarka,
Ladi