Ƙorafi a Kan Kiran Iyalina "Sabon Kuɗi"

Zuwa ga: Mai Girma Mista Cedric Oughtred, Shugaban Majalisar Ƙauyen Marrowby
Daga: Misis Glenda Harbottle, Gida Mai Lamba 3, Layin Coci
Kwanan wata: 21 ga Oktoba, 2019

Game da: Kalaman da mujallar majalisa ta buga a kan iyalina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. A ranar 5 ga Oktoba aka yi walimar girbi a zauren ƙauye. Kamar yadda ka sani, marigayi mijina, Barry, shi ya sake rufin zauren nan da kuɗin guminsa kafin rasuwarsa a watan Maris. An zaunar da ni bakin ƙofar kicin, inda duk mai fitowa da tire sai ya buge mini kujera. Maƙwabciyata kuwa, Misis Rosalind Pelham-Thwaite, tana babban teburi kusa da limamin coci. Gudummawarta kwalbar jam ce guda, abin shafa wa burodi, murfin ma ba na kwalbar ba ne.

2. A fitowar 14 ga wata, mujallar ta kira mutanen babban teburi "ɓawon saman burodi", wato manyan gari. A gidana dai agwagi ake watsa wa ɓawon burodi, amma ban ja da wannan ba. Ta kira Misis Pelham-Thwaite "tsohon kuɗi", wato mai arzikin gado tun kaka da kakanni. Sai can ƙasan shafi, bayan cigiyar kyanwar da ta ɓata, aka rubuta: "Muna godiya ga sabon kuɗi da ya hana ruwa zuba a kanmu." Ko sunan Barry ba a ambata ba. Kyanwar an ambaci nata.

3. Ina so a rubuta cewa ba na kishin kowa. Sai dai daga tagar bayan gidana ina ganin abin da nake gani. Motar Misis Pelham-Thwaite sai an tura take tashi. Idan ana ruwa, bokitai ne jere a falonta. Rigar sanyinta duk huji, tana warin kare. Amma in ta shiga shagon mahauci, sai ya cire hula yana "Me za a kawo, ranki ya daɗe?" Ni kuwa, "Glenda, tsiren alade kamar kullum?" In ta sa tsumma a ce asali ne. In na sa sabon kwat a tambaye ni nawa na saya.

4. Barry bai ci na kowa ba. Kwanon banɗaki da famfo ya sayar tun yana saurayi, har gwiwoyinsa suka lalace. Kakannin mijinta kuwa babu mai iya faɗa mini aikin da suka yi. Duk Lahadi Barry yakan fita gyaran shingen da ke tsakaninmu, har ɓangarenta, don kawai ta tsaya su gaisa. Takan ɗaga hannu ta ce, "Sannu da aiki, Gary." Ya shigo yana murmushi, yinin ranar duk a cikin farin ciki yake. Bai taɓa gyara mata sunan ba. Katin ta'aziyyar da ta aiko ma Gary ta rubuta.

5. A ranar 16 ga wata na sami sakataren majalisa, Mista Lionel Fawcus, wanda ya rubuta labarin. Dariya ya yi, ya ce wasa ne, ya ƙara da cewa ai masu tsohon kuɗi ba sa kawo ƙara a kan irin wannan. A gaban mutane ya faɗa, a gidan waya.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi:

Na farko, a buga gyara a shafin gaba, da cikakken suna, Barry Harbottle, da harafin B.

Na biyu, a daina raba kujerun walima bisa asali.

Na uku, tunda majalisa ce ta buga kalmar, ta sanar da ni a rubuce shekara nawa kuɗi yake yi kafin ya tsufa. Tun 1997 muke ƙauyen nan. Ni shekaruna sittin da takwas, likita kuma bai ji daɗin hawan jinina ba. Ina so in san ko zan kai, ko in haƙura in bar wa jikokina.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Mai biyayya gare ka,
Glenda Harbottle (Misis)