Tokar Ƙofar Mata

Mutawakilu, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar unguwarmu Nima, ruwan randata bayan dogon azumi!

Daga Kano nake rubuto maka, ƙafafuna a kumbure, jakar goyo ta ci mini kafaɗu. Me ya kawo ni? Kai mana, masoyi. Wa kuma zan ratsa Lome da Kwatano da Legas dominsa, ina gyangyaɗi a mota jakata a cinya?

Ka tuna ranar da ka kai ni gaida mahaifiyarka Hajiya Lariba a Kotobabi? Na durƙusa har ƙasa. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ba za a kai goron neman aure gidan ubana, ɗan dakon doya na unguwar Old Fadama, ba. Wai ku jinin cikin ganuwar Kano ne, kakanka Garuba har rijiyar rini gare shi a Ƙofar Mata. Kai kuwa, zumata, kana gefe kana latsa waya. Ko tari ba ka yi ba! Ranar na yi kuka har hijabina ya jiƙe.

Shi ya sa na zo in ga ganuwar da ta fi ubana. Na hau dutsen Dala ina haki, ina kiran sunanka. Na ɓace a lungunan kasuwar Kurmi, duk ƙanshin da ya buge ni sai in ce naka ne. Na shafa abin da ya saura na ganuwar. Jar ƙasa ce, hasken raina, tana zuba a tafin hannu.

Sai marinar Ƙofar Mata. Ashe a can kowace rijiya da mai ita, gado ne, an san na kowa. Na ambaci Garuba mai yatsu shida, kamar yadda yake a hoton falonku. Wani tsoho tukuf ya yi dariya har da tari. Ya san shi! Baƙo ne, shi ke ɗauko musu toka a ka, a bakin ƙofa yake kwana. Wata rana ya bi motar fataken goro, shi ke nan.

Wayyo, farin watana! Ɗan dako! Wallahi ban taɓa son ka kamar yau ba.

Na saya wa Hajiya zanen shuni, rinin wurin. Juma'a ta sama zan iso. Zaɓi biyu ne: ko goronku ya riga ni zuwa gidanmu, in miƙa mata tsarabarta a ɗaki, bakina ƙulle. Ko kuma in kai mata ranar taron matan unguwa, ƙawayenta cike da tsakar gida, in warware zanen, in warware labarin. Wannan karon ma kana iya yin shiru, ka iya ai.

Kada ka ji tsoro, ba zan bar ka ba. Ko ka gudu, ko ka tsane ni, ina nan maƙale da kai kamar shuni a hannun marini.

Taka har kabari,
Hamdia, 'yar ɗan dako, zuwa ga jikan ɗan dako.