Sunan da Aka Bar Mu da Shinkafa

Zuwa ga Yaya Hadiza a Dogon Dutsi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam da Zainabu da ƴar jikarki. Ni ce Memuna ta unguwar Mamobi. Matan unguwa ne suka aiko ni in roƙe ki ki dawo, wai ni kike jin maganata. Na ce zan rubuta, amma abin da ke bakina zan faɗa.

Kin tuna yadda aka kawo ki? Tsohuwar ungozomarmu ta rasu, mata suna naƙuda a cikin turoturo, motar haya, kafin a kai asibiti. Sai magajiyoyin unguwa, shugabannin mata na kowace ƙabila, suka zauna kan tabarma ɗaya: ta Hausawa, ta Zabarmawa, ta Mosawa, ta Kotokoli. Abin da ban taɓa gani ba. Aka ba fataken goro saƙo, aka samo miki ɗaki, aka samo wa Malam gurbin sayar da albasa. Ranar da kika sauka har guɗa aka yi, kowa na cewa ke ta kowa ce.

Kika kuwa zama ta kowa. Ba ƙofar da ba ki shiga ba daga unguwar Nima har Niyu Tawun, ki tsallake kwata da ruwan sama, zani a ɗage. Kika koyi yaren Tuwi har kina cin matan kasuwar Makola a ciniki, muna yi miki dariyar yadda kike murɗe harshe. Yaran da suke cika makarantar allo yanzu, ke kika yanke cibiyar yawancinsu.

Sai ƴarki Zainabu ta haihu. Kin san al'adarmu, magajiyar ƙabilar mutum ita ke raba goron suna, ita ke fito da manyan tukwane da bencina, ita ke kiran mata. Ta Hausawa ta ce ai mijinki Bazabarme ne. Ta Zabarmawa ta ce ai Hausa kika sha a nono. Sauran suka ce su ba sa shiga hurumin wasu. Mutum huɗu suka haɗu suka ɗauko ki, aka rasa ɗaya da za ta tura yarinya da ƙwaryar goro.

Maza sun zo da safe, an raɗa suna, sun watse. Ni da ke muka dafa shinkafar da za ta ciyar da layi guda, muka shimfiɗa tabarmi, muka zauna. Kina ta gyara ɗankwali duk lokacin da kika ji takun mutum. Har la'asar ba kowa. Abin da kika ce kawai shi ne, “Memuna, rufe tukunyar nan kar ƙuda.” Wallahi da kin yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je gidan magajiyarmu na zazzage mata. Ta dube ni ta ce, “Ei, Memuna, mu sam ba mu sani ba, mun ce mutanen mijinta za su yi.” Ba su sani ba! Waɗanda suka san ƙofarki ko da ido rufe in naƙuda ta tashi. Bayan Sallah kika ɗaure kayanki, ba wanda ya tambaye ki dalili, don kowa ya sani.

Jiya sun sake zama, don haihuwa ta fara ba su tsoro. Wai za a shafe miki ɗaki da siminti, a ja miki wuta. Na miƙe na ce, to in ta dawo, in sha'ani ya same ta, wa zai raba goronta? Yaya, ki ji abin takaici: nan take suka fara duban juna. Siminti suke da shi. Baƙo kuwa ba siminti ke zaunar da shi ba, so yake ya san wa zai zo masa ranar da shi ne mai buƙata.

Ina kewarki ƙwarai. Da hantsi in na dama koko, har yanzu nakan zuba da yawa, kamar za ki shigo mu sha.

Kuma ga abin da ban gaya wa taron ba. Rabi autata tana da ciki, ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya barci. Duk Mamobi ba wadda ta kai ni son ganin hannunki a kanta. Na juya maganar nan a raina har na gaji. Amma na zauna da ke kan tabarmar nan, na ga fuskarki. Kar ki dawo, Yaya. Zan kai ta asibiti da wuri, in zauna a bakin ƙofa in yi ta addu'a.

Allah ya raya miki jikarki, ya cika gidanki da mutane ranar aurenta. Allah ya sauki Rabi lafiya. Ki sa ta a addu'arki.

Taki har kullum,
Memuna