Katunan Ammu da na ba mai bikiya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, a sakaya sunana. Jinyar tsoho wahala ce, na sha ta har na gaji da faɗa, amma abin da na jawo da hannuna ya fi ta nauyi. Don Allah a taimaka mini da shawara, wanda ya ga zagi ya dace ya haɗa da shi, na cancanta.

Ni ba ɗalibi ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba. Na daɗe a Masar, na yi dako, na yi wankin mota, yanzu da ƙarfi ya ragu ina kula da wani tsoho Balarabe a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, Ammu nake ce masa, wato Baffa. Ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi magani, ni ke kai shi banɗaki. Idonsa ya tafi, haske da duhu kawai yake rarrabewa, amma hankalinsa garau. 'Yarsa ɗaya ce, tana Amurka, Madam muke ce mata, ita ke biyana kuma ita ta tsaya mini kan maganar iƙama, takardar izinin zama.

Ammu a Venezuela ya tashi, fatauci ya kai mahaifinsa can. Yana da wani tsohon gwangwanin biskit cike da katunan 'yan wasan besbol, wannan da ake dukan ƙwallo da sanda, kamar dai hotunan 'yan ƙwallo da yaranmu ke tarawa. Kullum bayan la'asar sai ya ce in miƙo masa, ya yi ta shafa su yana magana shi kaɗai. Ban taɓa tambaya ba, na ɗauka rigimar tsufa ce.

To sai kyankyasai suka dame mu. Madam ta ce in kwashe duk tarkacen da ba shi da amfani. Yana barcin rana na buɗe gwangwanin, na ga katunan iri biyu ne. Wasu sumul suna sheƙi, wasu kuma takardarsu ta yi duhu kamar kwalin sabulu, kala ta koɗe, bayansu duk busasshen gam, ga wari. Ni a sanina na kasuwa mai sheƙi shi ne orijinal, dusasshe jabu, kuma na ce gam ɗin ne ke kiran ƙwari. Na ware masu kyan na mayar, sauran na haɗa da tsofaffin jaridu da matacciyar fanka na miƙa wa mai bikiya, masu yawo da amalanke suna sayen tarkace. Har daɗi na ji wai na yi aiki.

Da la'asar ya sa hannu, ya juya, ya sake juyawa, ya ce, "Ya ibni," wato ɗana, "waɗannan ba nawa ba ne." Na ce naka ne mana Ammu. Ya ce a'a, masu santsin bugun Amurka ne, 'yarsa ta saya ta aiko masa don ta faranta masa. Nasa bugun Venezuela ne, ɗan wasa ɗaya, hoto ɗaya, amma takardar tana da kaushi, ba ta sheƙi, yankan bai daidaita ba, wasu ma da Sifaniyanci aka rubuta bayansu. Gam ɗin kuma ƙullun fulawa ne, shi da ƙanensa suka liƙa su a littafi suna yara, ƙanen a can ya rasu, ko hotonsa ba shi da shi.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Wallahi bakina ya yi nauyi, sai na ji na ce, yadda ka bar su haka suke.

Daga nan abu ya girma. Ya gaya wa Madam an canja masa kaya, ta ce in nuna mata a waya, ta ga gwangwani da katuna, ta ce Baba ga su nan mana. Ya yi ta faɗa, ita ma ta ɗaga murya, ya jefar da wayar. Daga baya ta kira ni ni kaɗai, na ce ban ga an taɓa komai ba. Ta yi magana da likita, wai haka ruɗewar tsufa ke farawa, mutum ya riƙa cewa ana yi masa sata. Yanzu ta ce za ta zo ta kai shi gidan tsofaffi, ni kuma ta yi mini alkawarin aiki a gidan ɗan uwan mijinta. Kun ga shirun nawa ni ya yi wa rana.

Abin da ke cina, bai taɓa zargina ba. Faɗan ma ya daina, ya daina neman gwangwanin, abinci sai na lallaɓa. Rannan ina yanke masa farce ya ce, "Gaya mini tsakani da Allah, hannun ma ya bi idon ne?"

Na nemo mai bikiyar, dariya ya yi, ya ce, "Ya Abu Samra," haka suke kiran baƙar fata, "takarda a kilo ake sayar da ita, khalas, yanzu ta zama kwalin ƙwai." Abokina Bahaushen Sudan da muke ɗaki ɗaya a unguwar Hayyin Ashir ya ce, "Ya zol," wato kai mutumina, "kama bakinka. A gidan tsofaffin ma abinci ake ba su. Ka faɗa ta kore ka, iƙama ta tafi, yaranka a gida su ci me, kati?" Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Shekaranjiya ina shara na tsinci kati guda ɗaya a ƙarƙashin kabad, dusasshe mai gam. Na cusa shi cikin sauran na miƙa wa Ammu gwangwanin. Hannunsa na kaiwa kan katin ya tsaya, ya kai hanci, ya kira sunan ƙanensa, ya ce, "Ka gani? Ban haukace ba." Sai ga dattijo yana kuka, yana riƙe da hannuna yana sa mini albarka.

Jama'a ya zan yi? In fara da shi ne ko da 'yarsa? Akwai hanyar da zan hana a kai shi gidan nan ba tare da na tona kaina ba, ko yaudarar kaina nake? Malamai kuma, istigfari kaɗai ya isa alhali mutum na raye ana shirin fitar da shi daga gidansa saboda ƙaryata?

Don ku san inda na tsaya, washegari da safe na yi masa aski, na kawo masa shayi da ful, dafaffen wakensu, na jawo kujera na zauna gabansa, na ce Ammu akwai magana. Ya ajiye kofin ya juyo da fuskarsa ya ce, "Faɗi, ya ibni." Sai na tambaye shi ko sukarin ya ji.