Habu, Ka Dawo Kafin Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga taubashina Habu, ɗan Gwaggo Hajara, a duk inda ƙafarka ta kai ka. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin kiyayewar Allah, ina sanar da kai cewa raina a ɓace yake, kuma ban yi niyyar ɓoyewa ba.

Yau kwana biyar da ka gudu daga gadon asibiti a Kano. Na fita sayo maka koko, na dawo na tarar da mutum lulluɓe har ka. Na zauna ina lallashinsa ya tashi ya sha tun da zafi. Da na gaji na yaye bargon, sai ga tabarmata a naɗe, an ɗora mata hularka. Kai Habu! Wa ya koya maka wannan? Ni, lokacin da muke zille wa karatun safe a makarantar Malam. Da dabarata ka yaudare ni.

Kuma ka bar maganinka a ƙarƙashin matashi. Wannan ne ya fi ƙona ni.

Na san abin da ya kore ka. Idi mahauci ya zo dubiya, ya zauna a bakin gadonka yana cika baki wai ya san naman da za a cire maka, a ƙirjin ɗan rago yake samunsa. Ya ce shi duk ƙirjin da ya buɗe bai taɓa ganin an rufe ba. To ina za a rufe, tunda shi sai ya yanka yake buɗewa? Mutumin da ko tsire ba ya iya gasawa ba tare da ya ƙona ba, shi ka ɗauka likita?

Bari in maimaita maka abin da likitar ta ce, tunda a ranar, ƙasa kake kallo. Akwai wani ɗan nama a bayan ƙashin ƙirji. A can sojojin jiki suke koyon aiki tun mutum yana yaro, su gane ɗan gida, su gane baƙo. Na ce mata kamar makarantar allo ke nan, ta ce haka ne. In mutum ya girma naman yakan motse. Naka kumbura ya yi, yana biya karatu da kuskure, ɗalibansa suna fita suna dukan 'yan gida. Shi ya sa saƙon jijiya ba ya isa ga tsokarka. Ba ta yi alƙawarin za ka warke washegari ba. Amma ta ce babba yana rayuwa lafiya ba tare da naman ba, kuma in aka bar magani, ciwon yana iya kaiwa ga numfashi. Numfashi, Habu. Wannan ba ka ji ba, sai ta Idi.

Yanzu in zo kan nawa laifin, don ba kai kaɗai nake jin haushi ba.

Ka tuna gayyar maimai a gonar Mai Unguwa, hanyar Bici? Da safe kai ne a gaba, kunyarka ta fi ta kowa tsawo. Rana na karkatawa fartanya ta suɓuce maka, fatar idonka ta sauko, ka ce kana ganina biyu. Na daka tsalle na yi maka kirari: Sarkin Gyangyaɗi, mai ƙarfin safe, kumamar azahar! Gona ta ɗauki dariya.

Wa zai yarda da kai? Bara waccan ni da kai muka yi ƙaryar harbin kunama don mu riga kowa zuwa ƙwaryar fura. Kowa ya ce wani sabon salo muka fito da shi. Ni kuma na ce ai taubashi ne, ina da iko in tsokane shi. Na riƙa sa tsinke ina tokare idona ina kwaikwayonka a majalisa. Na kwaikwayi muryarka da ta koma ta hanci. Damina guda sunan yana binka, har yara suna rerawa, kai kuma kana murmushi da rabin ido. Me ya sa ba ka shaƙe ni ba? Me ya sa ba ka ce, Ado, wallahi ba wasa nake ba? Sai ranar da lomar tuwo ta tsaya maka a wuya, Gwaggo ta fito ba mayafi tana salati, sannan hankalina ya dawo jikina.

A gaban jama'a na laƙa maka sunan, shi ya sa nake rubuta wannan inda kowa zai gani. Ba rago ba ne kai. Ciwo ne, ni kuma wawa ne.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Gara ma ta yi. Kullum tana dama maka kunu marar kauri, irin wanda kake iya haɗiya, ta rufe da faifai, ya huce, ta zubar wa awaki.

Likitar ta ce in ka zo ranar Talata za ta karɓe ka. Zan tsaya da babur a tashar Bici tun hantsi, maganinka yana aljihuna. In tsoro kake ji, ni ma ina ji. Zan zauna a bakin ƙofar ɗakin tiyata da carbi har a fito da kai, kuma wannan karon sai na yaye bargo na tabbatar kai ne.

Ka zo, ka laƙa mini duk sunan da ka ga dama a tsakiyar majalisa. Ba zan rama ba. Ka san abin da wannan yake nufi a wurina.

Ya Allah, Mai buɗe ƙiraza, Ka tsare numfashin Habu a inda yake, Ka juyo da ƙafarsa gida, Ka sa hannun likita ya zama sanadin waraka. Amin.

Naka, wanda ya yi dariya a inda bai kamata ba,
Ado