Gudun Barewa da Jerin Kakanni

Zuwa ga ɗana, baban Barewa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta san sulhu ba. Ƙanwarka ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta miƙe mini magana ko ta ga ta karkace.

Saƙonka ya iso, cewa a ɓoye takalman gudun 'yarka, ta haƙura da harkar gaba ɗaya tunda ciwon huhu ya kwantar da ita. Na karɓi takalman, amma ban ɓoye ba. Ka yi haƙuri, ka san uban da Allah ya ba ka. Zazzaɓin ya tafi, magani ya ƙare, saura ɗan tari. Na raka ta wurin likita na tambaye shi da bakina. Ya ce sassarfa ba laifi muddin tana iya magana ba haki, amma in magana ta yanke ko ƙirji ya ɗaure, a tsaya. Na ce masa in dai magana ce, an zo gidanta.

To ga yadda muke yi. Idan hantsi ya ɗaga sai mu fita titin bayan makaranta, ina kan tsohon kekena, tana sassarfa a gefena tana jero mini kakanninmu, daga Majemi zuwa Dogo mai haƙar rijiya, zuwa Gurgu da 'ya'yansa, kowa da abin da aka san shi da shi. Inda tari ya katse ta, nan gudun ranar ya ƙare, mu tako gida. Na yi mata alkawari ranar da ta kai sunanta za ta koma wurin kocinta. Ranar farko ko Dogo bai gama rijiyarsa ba ta tsaya. Ta yi fushi, wai na mai da ita rediyo, kuma kekena ya fi ta tari. Na ce matar da ba ta san dangin maigida ba, sakinta zan yi.

Kocin ya zo yana so a sa ta a gasar ƙarshen wata, na hana. Kai ba ka taso ka tarar da ƙanena ɗan dako ba. Irin ciwon nan ya yi, ya ji dama-dama ya koma ɗaukar buhu, bai ga ƙarshen shekarar ba. Yana cikin jerin, kuma duk sanda ta zo kansa da kanta take rage sauri. Sannu ba ta hana zuwa. Amma raba ta da gudu ɗungurungum shi ma wani ciwon ne, domin tun da ta ji saƙonka sai an yi da gaske take cin abinci.

Yau da safe a jerin ta wuce sunana, ta wuce na yayyenka, ta faɗi sunanka da ƙarfi har mai facin taya ya ɗago kai, tari bai zo ba. Saura suna ɗaya, nata, sai ta ja ta tsaya. Ta ce wannan ba za ta faɗe shi ba sai da yawunka. Saboda haka ka kira ta ka janye maganarka, kada jerin gidanmu ya tsaya a kanka.

Mahaifiyarka da uwar Barewa suna gaishe ka, haka gwaggonka da mai rubutun nan. Ka gaida kawunka da iyalinsa. Takalman suna nan bakin ƙofa, na goge su.

Ni ne mahaifinka.