Girkar da na kai Baba

Alhamis, 8 ga Agusta

Gobe za mu tafi Charvak, ni da mijina Shuhrat da 'yarmu Sevara da Baba. Kwana biyu a sabon otal ɗin nan na bakin tafki mai filin wasanni. Wata guda ke nan Sevara tana damun mu da hotunan lilon da ke kifa mutum kai ƙasa. Ni abin da na hango a hotunan daban ne: akwai gidan cin abincin Girka a ciki. Na kama mana teburi na ranar Asabar, ƙarfe bakwai.

Da na gaya wa Baba a waya sai ya ce, "Na Girka na gaske?" Na ce haka dai suka rubuta.

A wannan watan ya kamata a ce muna Girkar kanta. Bara, ranar da muka binne Goggo Froso, na riƙe hannunsa na ce zan kai shi ƙauyensu kafin shekara ta zagayo. Yana ɗan shekara shida yaƙi ya fitar da su, jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka zube su a nan Tashkent. Yanzu tamanin da ɗaya. Ban da Goggo, sauran duk sun koma tuni, shi ya tsaya saboda Mama. Tun da Goggo ta rasu ba shi da wanda zai yi Girkanci da shi. Ni abin da na iya bai wuce ruwa da burodi da zagi biyu ba.

Na ce masa biza ce ba ta fito ba. Ban ma kai takardun ba. A watan Maris aka ce ni za a ba sabon reshen kantin maganinmu na Chilonzor, in na ɗauki hutun sati uku wata daban za a ba. Fasfonsa da fom ɗin suna cikin aljihun mota, ƙarƙashin takardun inshora. Ko Shuhrat bai sani ba. Yau ne karo na farko da na faɗa, ko da a takarda.

Juma'a, 9 ga Agusta

Baba ya fito da kwat ɗinsa mai ruwan toka a cikin wannan zafin. Shuhrat ya ce, "Baba, wanka za mu tafki fa, ba neman aure ba." Baba ya dubi gajeren wandonsa ya ce, "Kai je ka tsorata kifi da ƙafafun nan naka. Ni baƙunci za ni."

A hanya sau biyu yana tambaya ko na san ɗan wane yanki ne mai dafa abincin. Wai in ɗan arewa ne, daga kalma uku zai gane.

Na ƙara sautin rediyo.

Asabar, 10 ga Agusta

Da rana. Baba ya wuni a kan benci yana gadin jakunkuna, Sevara da babanta suna ta hawa lilo. Ya ƙi cin abincin rana, wai kada ya cika ciki. Na ga yana motsa baki shi kaɗai. Gaisuwa yake bita.

Lahadi, 11 ga Agusta

Safiya. Suna can wajen karin kumallo, na ce kaina na ciwo.

Jiya da dare, tun daga ƙofar gidan abincin na san an yi asara. Fararen ginshiƙai a jere, Sevara ta ƙwanƙwasa ɗaya ya yi ƙara kamar jarka. Ma'aikatan sun yafa farin zanin gado a kan wandon jins, da ganyen roba a ka. Teburinmu yana jikin tagar da ke kallon jirgin wasan nan mai hawa da gangara, duk bayan minti biyu sai ihun mutane ya cika ɗakin.

Wadda ta zo ɗaukar oda an rubuta mata Afrodita a ƙirji. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, ya zuba mata doguwar gaisuwa da Girkanci. Baiwar Allah ta dafa ƙirji, ta kira shi yadda muke kiran dattijo a nan, ta ce, "Otahon, ku yi haƙuri, ban ji ba. Ni Gulnoza ce sunana, wannan na aiki ne." Ya yi dariya, ya ce ba komai. Ya tambayi miyar wake irin ta uwarsa. Babu. Ya tambayi wani abu mai ganye da cuku a cikin ɓawon fulawa. Ya ƙare.

Salak ya zo da cuku irin wanda nake saya a kasuwar unguwarmu, da zaitun huɗu na gwangwani. Naman tsire ne kawai, ya bushe, wanda ake gasawa a bakin titinmu ya fi shi. Musaka kuwa, gashin yalo da niƙaƙƙen naman nan nasu, gefenta yana ƙona baki, tsakiyarta da ƙanƙara. Shuhrat ya raɗa mini, "A mayar?" Na ce a bari. Ban so a yi hayaniya, so nake a ci a tashi.

Sai Baba ya ce a kira masa mai dafawa. Na ce Baba, mutumin yana aiki, ya ce minti ɗaya. Wani dattijo ya fito yana goge hannu, mutumin Namangan, wai har bara shinkafar biki yake dafawa. Baba ya gwada masa kalma biyu, mutumin ya kalle ni. Sannan ya ce, "Otahon, ba zan yi muku ƙarya ba, manaja ne ya nuna mana a waya. Ban taɓa cin na ainihin ba. Yaya yake?" Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Allah ya raba hannun nan da ciwo."

Da a nan aka tsaya.

Ƙarfe takwas aka kunna kiɗa, ma'aikatan suka jeru suna fasa farantan alli suna cewa "opa, opa". Shuhrat ya ce dubi, rabin matan ɗakin sun waiwaya sun zaci su ake kira, tunda a harshenmu opa yaya ce. Har na yi dariya. Da kiɗan ya tsaya sai na ga Baba a tsaye. Ya rufe ido ya ɗauko wata waƙa, mai ja a hankali, ba ta rawa ba. Muryarsa tana karyewa a sama. Mutane suka ɗaga wayoyi. Wasu samari a teburin baya suka fara ƙyalƙyala. Na hango manaja ya nufo mu.

Na ja gefen kwat ɗinsa. Na ce, "Baba, zauna. Mutane na kallo. Nan ba gida ba ne."

Ya buɗe ido, ya zauna. Ya ja farantin musakar nan mai sanyi ya cinye tas, ya share da burodi. Ya ce, "Na gode, Despina. Ya yi daɗi."

Nan ba gida ba ne. Ni na faɗa masa haka, da bakina.

Lahadi, da yamma

Mun dawo. A Gazalkent Baba ya ce a tsaya ya sayi kankana. Ya rungume ta a cinya har gida.

Da muka sauke shi Sevara ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Baiti ɗaya ya rage masa." Na ce ke ta yaya kika sani. Ta ce, "Yana yi mini ita in na je. Ta uwarsa ce, da ita take sa su barci a cikin jirgin ruwa."

Shekarata arba'in da huɗu, ban san wannan ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Na zauna na rubuta wa gidan abincin sharhi a shafinsu. Tauraro ɗaya. Na jera komai, ƙanƙarar, zaitun huɗu, ginshiƙan roba, har zanin gado. Na ji daɗin rubutawa sosai. Shuhrat ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya ce, "Wannan mutumin Namangan ɗin za su kora, kin sani ko? Kuma ke ba musaka ce ke damun ki ba." Na ce ya fita harkata.

Na goge.

Laraba, 14 ga Agusta

Masu fenti sun yi wa sabon reshen kore maimakon shuɗi. Na yi musu faɗan da ya fi laifinsu.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ranar ganin likitan zuciya. Ya daɗe yana duba takardar gwajin. Ya ce ba laifi, amma ba kamar na bazara ba. Ya tuna Baba ya taɓa yi masa zancen tafiya, sai ya ce, "In za a hau jirgi, a hau kafin sanyi. Bayan nan ba zan sa hannu ba." Baba yana maɓalle riga ya ce, "Biza ce ba su ba mu ba, likita."

A mota na kasa tayar da inji. Na miƙa hannu na buɗe aljihun, na ɗaga takardun inshora, na ɗora masa fasfon da fom ɗin a cinya. Na faɗi komai, reshen, hutun, duka. Ina ta magana kamar mai ba da rahoto a wurin aiki.

Ya ce, "Na sani."

Wai tun watan Mayu. Na shiga kanti na bar shi a mota, ya buɗe yana neman abin goge tabarau.

Na ce to me ya sa bai ce komai ba. Ya ce, "Jira nake in ga yaushe za ki gaji." Ya sa fasfon a aljihun ƙirji, ya bar mini fom ɗin. Ya ce in sauke shi a tashar bas. Na ce Baba don Allah. Ya ce, "Shekara arba'in ina shiga bas zuwa masana'anta, ban ɓata ba."

Na tsaya ina kallo har bas ɗin ta zo. Bai waiwayo ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Na gaya wa Shuhrat. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ni kuma ina ta zagin mutanen ofishin biza a gabansa."

Talata, 20 ga Agusta

Na kira Baba sau uku. A na ukun ya ɗauka: lafiya lau, ya sha magani, yana ban ruwa, sai an jima.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na je ba tare da na kira ba. Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, yana ɗaure wa nonnan inabin jakar takarda saboda zanzaro. Ya ba ni zare in riƙe. Mun fi rabin awa a haka.

Can ya shiga ɗaki ya fito da wani hoto, jikan ɗan'uwan babansa ne ya aiko wa Goggo Froso shekaru shida da suka wuce. Bango uku ba rufi, da wata bishiya ta tsiro a tsakiyar ɗaki. Ya ce gidansu ke nan. Mutum tara suka rage a ƙauyen, babu wanda ya san shi. Ya ce wani lokaci yana tsoron zuwa. Wai a watan Maris har ya ɗan ji sauƙi da na ce bizar ba ta fito ba.

Na yi saurin cewa to ashe, sai ya ɗaga hannu. "Kada ki ɗauki wannan ki wanke kanki da shi. Ni zan ce na fasa, ba ke ba. Wata biyar kina kallon idona."

Na ce haka ne.

Na so in yi zancen waƙar. Na buɗe baki na ce Baba, ranar nan a gidan abincin, ya ce, "Riƙe zaren da kyau."

Da zan tafi ya tsinko mini inabi, wanda bai gama nuna ba.

Alhamis, 29 ga Agusta

Sevara ta ce Kaka ya tambaye ta ko ana sanyi a jirgin sama. Ba ta san dalili ba. Ni ma ban ce na sani ba.

Talata, 3 ga Satumba

An buɗe reshen jiya. Balan-balan, kek, hoto. Da shugabarmu ta zo taya ni murna sai na ji bakina yana tambaya ko zai yiwu mutum ya ɗauki kwana goma a Oktoba. Tambaya ce kawai. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce wata guda da buɗe reshe? Ta ce akwai masu jiran kujerar. Na ce na sani. Ban janye ba, ban san me ya sa ba.

Na biya ta gidan Baba, hanya ce ta cushe. Karo na uku ke nan a 'yan kwanakin nan. Fasfon yana wurinsa, bai ambata ba, ban tambaya ba. Sabon fom dai yana jakata, don na ga tsohon ya yamutse.

Ya dafa shayi, ya zauna, ya kama yi mini magana da Girkanci tsantsa. Da gangan, na sani, horo ne. Awa ɗaya da wani abu. Na tsinci ruwa sau biyu da sunan Goggo, sauran duk ya wuce ni. Wayata ta yi ta ƙara a jaka, sai a mota na ga kiran kanti har huɗu.

A bakin ƙofa ya faɗi wata kalma ya ce in maimaita. Avrio. Ya ce ba haka ba, na sake. Sau biyar kafin ya gyaɗa kai ya rufe ƙofa, bai gaya mini ma'anarta ba.

Na tambayi Sevara. Wai ma'anarta "gobe".